Wanda Ya Ƙirga Ƙararrawar Damaris

Duk wanda ya saba hawa tram, jirgin ƙasan cikin gari, a Croydon da safiyar Lahadi, shekarun baya kaɗan, zai iya tuna wani dattijo dogo mai ɗan ranƙwafawa, yana tsaye a ƙofar wani tsohon coci na jan bulo da tarin makullai a hannu. Matiyu ke nan. Shekara ashirin da biyu yana buɗe ƙofar nan yana rufewa. Shi ke shara, shi ke goge kujeru, shi ke kunna hita tun ranar Asabar don kada sanyi ya kwantar da tsofaffi, shi ne kuma mai jan igiyar ƙararrawa.

Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Malumfashi. Bahaushe ne gaba da baya, abin da yakan ɗaure wa mutane kai ke nan a London. In wani ya ji Hausarsa a bas sai ya yi masa sallama, ya tambaye shi wane masallaci yake zuwa Juma'a. In ya ce shi Kirista ne, sai a ce, to amma asali ɗan wace ƙabila? Ya gaji da bayani, daga baya murmushi kawai yake yi.

Ubansa Bamaguje ne. Wata Baturiya 'yar mishan mai yi wa mutane allura ta zauna a ƙauyensu, ta hannunta uban ya karɓi baftisma. Cocinsu na ƙasa ne, ba su da ƙararrawa, sai suka rataye ƙarfen tayar wata tsohuwar babbar mota a jikin tsamiya suna bugawa da guduma. Baturiyar nan ce ta koya musu yadda ake buga wa mamaci. In namiji ne a buga tara, in mace ce a buga shida. Sai a dakata. Sannan a buga shekarunsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, a bar kowane bugu ya mutu kafin a tayar da na gaba. Mutane a gona sukan tsaya da fartanya a hannu suna ƙirgawa. Shida, mace ce. In an wuce arba'in an san ba wance ba ce, in an wuce sittin kowa ya gane gidan da za shi. Har Musulmin ƙauyen sun iya ƙirgar, su ma sukan ajiye aiki su zo gaisuwa. Uban Matiyu ne mai bugawa, da ƙarfinsa ya ƙare Matiyu ya karɓi gudumar.

Kuku ya zo yi London. Wani attajiri na Kano mai gida a Marylebone ya ɗauko shi don 'ya'yansa da ke karatu su riƙa samun tuwo da miyar kuka. Da zai taho, dattawan coci suka ɗora masa hannu, ɗaya ya ce, “Kai kam ka dace, za ka je inda abin ya fito.”

Lahadinsa ta farko ya saka farar babbar riga, ya fita awa biyu kafin lokaci don ya sami wurin zama, tunda a gida wanda ya makara a bakin taga yake sujada. Ya tarar da gini mai cin mutum ɗari shida. Ya ƙirga waɗanda suka zo, sha ɗaya ne, har da mai kiɗa. Da aka tashi bai fita ba, ya zauna yana jiran sujada ta biyu, wadda yake zaton ita ce ta jama'a. Sai da mai rufe ƙofa ya zo ya taɓa kafaɗarsa.

Bai faɗa wa kowa a gida ba. In ya aika saƙo yakan ce cocin ƙasar nan manya ne ƙwarai, kuma gaskiya ya faɗa.

Yaran attajirin suka gama karatu aka rufe gidan. Matiyu ya sha sintiri a babban ofishin takardu na Croydon har ya sami izinin zama, ya kawo matarsa Damaris da 'yarsu Juliana, tana shekara huɗu. A nan unguwar ya sami aikin kula da cocin jan bulo. Ran da ya fara jan igiyar ƙararrawa ta gaske, wadda aka ce ta fi shekara ɗari a rataye, sai da ya ji ƙwalla. Ya ce wa Damaris da ubansa ya ji wannan murya, da ya jefar da gudumarsa a rijiya.

A tsallaken titi akwai shagon nama na Abukari, mutumin zangon Kumasi, gajere mai faɗin kafaɗa da yawan tsokana. Wurinsa Damaris take sayen kayan ciki da ƙafar saniya. Shi ya raɗa wa Matiyu suna Ladan, wai shi ma kiran mutane ibada yake yi. Matiyu kuma yana ce masa Sarkin Fawa. Hausar Abukari ta zango ce, mace da namiji duk “ya” ne a bakinsa, Damaris takan yi dariya ta ce shekara ashirin yana mayar da ita ƙato.

“Ladan,” yakan ƙwalo masa kira ran Litinin, “jiya mutum nawa suka amsa?”

“Sha tara.”

“Har da tattabaru?”

“Kai dai gyara sikelinka, Sarkin Fawa, akwai ranar hisabi.”

Wata rana da yamma, kasuwa ta yi sanyi, suna shan shayi a bayan kanta, Matiyu ya ba shi labarin tsamiya da guduma da bugun tara da shida. Abukari ya ce lallai mutanen Malumfashi ba su da aikin yi, a tsaya ana ƙirga ƙarfe alhali ana iya aika mutum da baki. Suka yi dariya, maganar ta wuce.

Unguwa ta canza. Aka rushe garejin da ke bayan coci aka ɗora benaye, matasa masu aiki a cikin gari suka cika su. Ƙorafi ya fara zuwa a rubuce, wai ƙararrawa tana hana su barcin safiyar Lahadi, in ba a daina ba za su kai maganar gaban council, hukumar unguwar. Manyan coci suka zauna suka yanke: minti uku, ƙarfe goma, Lahadi kaɗai. Sau ɗaya Matiyu ya zarce ran Ista, aka ba shi takardar gargaɗi, aka ce in ya sake zai ajiye makullai. Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, a ƙauyensu da Musulmi suka fi yawa, ba wanda ya taɓa ce wa ubansa ya rage bugu.

Damaris ba ta damu da ƙarancin mutane ba. Aikin kula da tsofaffi take yi a wani gida, ta dawo ƙafa a kumbure, duk da haka sai ta durƙusa a gaban kujera ta jero sunaye: na gida, na nan, har da Juliana da ta daina zuwa coci tun tana sha shida. Juliana ta zama nas, yarinya mai hankali da tausayi, kuɗin hayar iyayenta ma ba ta bari su yi tunaninsa, amma in uwar ta kawo zancen Lahadi sai ta sumbace ta a goshi ta ce da Turanci ita ba ta buƙata. Ba faɗa, ba gardama. Matiyu da ya saba da masu musu da addini a kasuwar ƙauye bai san yadda ake amsa wa mai cewa ba ya buƙata ba.

Ciwon mantuwa ya fara wa Damaris da ƙananan abubuwa. Ta sa gishiri sau biyu, ta hau tram ta wuce tasharsu. Ran da likita ya faɗa musu sunan ciwon, da suka dawo gida ta zauna a bakin gado ba ta cire takalmi ba.

“Baban Juliana,” ta ce, “tun ina da hankalina, abu ɗaya nake so. In na tafi, ka buga mini. Irin na gida. Shida, sannan shekaruna.”

“Maman Juliana, wa zai ƙirga a garin nan?”

“Ban ce ka nemo mai ƙirgawa ba. Cewa na yi ka buga.”

“Kin san takardar da suka ba ni.”

“Na sani. Ka buga.”

Ya ce to.

Shekara huɗu aka yi. Turanci ya fara tafiya, ta koma Hausa zalla. Sunan Juliana ya bi. Sai nasa, tana ce masa bawan Allah, tana tambayarsa ko ya ga mijinta. Wannan duk ya ɗauka. Abin da ya karya shi daban ne. Wata safiya ya kama hannunta ya fara addu'ar da suka shekara arba'in suna yi tare, ya kai inda takan karɓa, ya yi shiru yana jira. Ta dube shi ta ce, “Da wa kake magana?”

Ya ce, “Da Ubangiji.”

Ta waiga ta dubi ƙofa, ta dubi taga. Ta ce, “Ai ba kowa.”

Ya san ciwo ne ya yi magana, ba ita ba. Ya faɗa wa kansa haka sau ba adadi. Amma maganar ta shiga ta zauna. Yana goge kujerun coci tana nan, yana jan igiya tana nan. Yakan ce a ransa, matar da ba ta taɓa kwana ba tare da ta kira sunan Yesu ba, yau ba ta san sunan ba. To a ina bangaskiyar take zaune, da har ciwo zai share ta kamar alli a allo? In tana can wani wuri a ajiye, a nuna masa wurin. Ya ci gaba da durƙusawa don gwiwa ta saba, sai dai bakin ya bushe.

Rabaran ɗin cocin Baturiya ce, mai kirki, coci huɗu take zagayawa da ƙaramar motarta, kullum a makare. Wata Laraba ya tare ta a ɗakin ajiye kaya, ya faɗa mata da Turancinsa na kicin cewa yana jin kamar ba kowa a can. Ya sunkuyar da kai yana jiran tsawa. A gida da dattawa sun zaunar da shi, su yi masa faɗa, su sa shi azumi, su zo gidansa da waƙa har abin ya fita. Ita kuwa sai ta dafa hannunsa ta ce ita ma akwai ranakun da take jin haka, kuma ba laifi ba ne, mutum yana iya ɗauke da shakkarsa ya ci gaba da tafiya. Ta yi masa tayin shayi. Ya fito ya fi shigarsa tsoro. Ya je neman wanda zai riƙe shi, ya tarar ita ma lalube take.

Damaris ta cika ran wata Talata, wajen ƙarfe tara na safe, a gidan jinyar da aka kai ta watanni biyu kafin nan. Shekararta sittin da bakwai. Juliana tana wurin, ta rufe mata ido, ta fara kiraye-kirayen waya da cike takardu, don ita ta san hanyar abin. Matiyu ya ɗauki kwat ɗinsa.

“Baba, ina za ka?”

“Coci.”

Ta gane, don ta san alkawarin. “Dad, please. Za su yi sacking ɗinka, su kore ka. Mama ba ta ji, ba wanda zai gane. Mutane za su ɗauka ka ruɗe ne.”

“Na sani, 'yata.”

“To don me?”

Ya saka kwat ɗin. Ya fita ya hau tram, ya zauna tsakanin wata mai tura keken jariri da wani mai barci da abin ji a kunne. A hanya ya yi abin da aka hana su tun suna yara, ya gindaya wa Allah sharaɗi. Ya ce, in akwai mai ji, mutum ɗaya ya zo. Ɗaya tak. In ba wanda ya zo, to na cika wa Damaris alkawari, ni da kai kuma mun rabu lafiya.

Ya buɗe ƙaramar ƙofa ya bar ta a buɗe. Ya cire kwat, ya kwance igiya daga ƙugiya. Ya buga shida. Ya dakata, yana jin numfashinsa. Sannan ya fara shekarun.

Ta ɗan tagar ɗakin igiya ana hango titi. Ɗaya, biyu, uku. Mutane suna wucewa da kofin kofi a hannu. A wajen sha biyar wata mata ta ɗaga kai, ta duba agogonta, ta ci gaba. A ashirin da wani abu, wani mutum ya leƙo daga bene ya zunduma ashar, wai yana meeting a kwamfuta. Wasu 'yan mata biyu suka ɗaga waya suka ɗauki hasumiyar suna dariya. Matiyu yana barin kowane bugu ya mutu kafin ya ja na gaba, yadda ubansa ya koya masa. A talatin da huɗu ya tuna shekarar da Damaris ta sauka a filin jirgi da zanen zumuntar matan coci da silifa, cikin sanyin Janairu. A hamsin kafaɗarsa ta fara wuta. Wayarsa tana ta ruri a aljihun kwat, ya san Rabaran ce. A sittin da uku, shekarar da likita ya yi magana, hannunsa ya so ya saki. Ya ƙarasa huɗun da suka rage da nauyin jikinsa.

Sittin da bakwai. Ya riƙe igiyar har ƙarar ta ƙare ƙurmus. Bai so ya juya ba.

Da ya juya, akwai mutum a bakin ƙofa. Abukari ne, da rigar aikinsa mai jini-jini, ya tuɓe takalmansa ya ajiye a waje, yana tsaye da safa a kan dutse mai sanyi. Shekara ashirin yana kallon ƙofar nan daga tsallaken titi, bai taɓa taka ta ba.

“Shida na ji,” in ji shi. “Na ajiye wuƙa. Na ce wa customer ya jira. Da ya wuce sittin na rufe shago.” Ya dubi igiyar. “Mama Damaris ne ya tafi?”

Matiyu ya gyaɗa kai.

“Allah ya ba ka haƙuri, Ladan. Allah ya ba ka haƙuri.” Ya shigo ya kama shi, ya zaunar da shi a kan benci. Ya kira matarsa Nana Khadija ya ce ta ɗora tukunya, gidan Ladan za a yi baƙi. Ba a yi baƙin kirki ba, amma kwana bakwai tana kawo abinci.

Rabaran ta iso a guje, ta ɗauka gobara ce ko wani ya shiga ya yi ɓarna. Da aka yi mata bayani ta rungume Matiyu. Bayan an yi jana'iza ta zo har gida ta same shi. Ta ce ta bincika tsofaffin takardun cocin, ta ga ashe bugun nan nasu ne, haka kakanninsu suke yi, tara da shida da shekaru, a cocin nan ma an yi shi har zuwa wajen yaƙin duniya, sannan aka bari. Ita ba ta taɓa ji ba. Tana faɗa tana share hawaye. Sannan ta ce ƙorafi goma sha huɗu aka kawo, ta yi iya ƙoƙarinta a gaban manya, ba su yarda ba. Ya tashi ya ɗauko makullan ya ba ta da hannu biyu. Ko da ma, in ji ta, an riga an yanke za a haɗe cocin da wani a ƙarshen shekara.

Haka aka yi. Yanzu ginin wurin motsa jiki ne, an kafa ƙarafa inda kujeru suke. An kawo mota mai ƙugiya aka sauke ƙararrawar, ba wanda ya gaya wa Matiyu inda aka kai ta.

Yakan zauna a bayan kantar Abukari da rana. Wata rana ya faɗa masa sharaɗin da ya yi a cikin tram.

“Na ce mutum ɗaya ya zo. Garin da suka kawo mana abin, da coci a kowace kwana. Sai aka turo mini mahaucin Kumasi. Har yau ban sani ba, Sarkin Fawa, amsa aka ba ni ko dariya aka yi mini. Ko kuwa ba kowa, kai ne dai kake da kunne.”

“Astagfirullah. Ladan, ni nama nake yanka, wannan tambaya ya fi ƙarfina. Amma kar ka ƙara cewa ba kowa a shagona. Ka je ka faɗa a cocinku.”

“Na faɗa. Shayi aka ba ni.”

Abukari ya yi dariya, sannan ya ga abokin nasa ba dariya yake ba, ya daina.

“Ni saba'in da huɗu nake,” in ji Matiyu. “Tara, sannan saba'in da huɗu. Ko da biyar, in an ƙara mini.”

“Bugawa dai ba zan iya ba, ka san addinina. Amma zan ƙirga.”

“Me za ka ƙirga? An sauke ta.”

Abukari ya jawo takarda ya naɗe masa ƙafar saniya, irin wadda Damaris take saye, ya tura masa.

Tun daga lokacin, kowace Lahadi ƙarfe bakwai wayar Matiyu takan yi ƙara. “Ladan, yau ranarku ne, tashi.” Shi kuma yakan tashi. Ya saka farar rigar, ya hau tram zuwa cocin da aka haɗe su da shi, ya zauna a kujerar baya. In an durƙusa ya durƙusa, leɓɓansa ba sa motsi. Juliana ta tambaye shi ko har yanzu ya gaskata, ya ce mata bai sani ba. Ta ce to me yake zuwa yi, ya ce shi ma bai sani ba. Har yanzu da awa biyu yake fita kafin lokaci, ya tsaya a bakin ƙofa cikin sanyi, yana jiran mai makulli.